Kada A Matsa Wa Tsohuwar Akori-Kura

Jama'a, kaka ta yi, tsofaffin akori-kura sun soma jigilar gero da wake zuwa Kurmi da Dawanau. Waɗansunsu Peugeot 404 ne, irin wadda aka soma haɗawa a Kaduna a 1975. Mota ce mai ƙarko, amma ta kwana biyu.

Ni a ganina, kada injinta ya wuce juyi 3,500 a minti ɗaya. Ga dalili. In juyin inji ya ninka biyu, wahalar da fistin ke sha ninki huɗu take yi. Sabon ƙarfe ya jure wannan, wanda ya cinye kuwa sai ya buga. Sa'an nan buhunanka su kwana bakin hanya, kuɗin kayan gyara a Ƙofar Ruwa ya haɗiye ribar shekara.

To, galibinsu ba su da agogon juyi, sai kunne. In inji ya soma ihu, direba ya sassauta totur, ko ya ƙara giya. Amma fa hawan tudu da lodi a giya ta huɗu, inji yana kakari, shi ma ɓarna ne. Mai kaya, in kana gidan gaba, kada ka ji nauyin yi wa direba magana.