Daga Bakin Shago: Yaron Alhaji ba zai zo hutu ba



Ranar Talatar da ta wuce, bayan la'asar, ina zaune ina lissafin yadin da ya rage, sai ga maƙwabcina Alhaji, wanda shagonsa ke kallon nawa a nan Kumasi, ya faɗo ko sallamar kirki bai yi ba. Ya miƙo mini waya ya ce, "Malam, karanta ka ji abin da yaron nan ya rubuto." Babban ɗansa ne, yana shekara ta biyu a wata jami'a a Amurka. Saƙon gajere ne: "Baba, a yi haƙuri, bana ba zan zo hutu ba. Wani babba a ƙungiyarmu ta 'yan'uwantaka ya samo mini gurbin koyon aiki na mako goma."

Alhaji bai ma ga maganar koyon aiki ba. Kalma ɗaya ya gani, ƙungiya. Ya ce, "Shi ke nan! Na sayar da fili na tura shi karatu, ya je ya shiga ƙungiyar asiri."

Ban ga laifinsa ba. Duk wanda ya san jami'o'in Najeriya ya san abin da kalmar nan ta zama. A 1952 ne Wole Soyinka da abokansa shida suka kafa Pyrates a kwalejin jami'a ta Ibadan, da niyyar yaƙar ƙabilanci da girman kan 'yan boko masu kwaikwayon Turawa. Daga baya wasu suka ɓalle, aka yi ta kafa sababbi, har aka wayi gari ana sara da harbi a harabar makaranta. To mai wannan a kunnensa, in ya ji ɗansa ya ce "'yan'uwana na ƙungiya", dole gabansa ya faɗi.

Sai dai na Amurka wani abu ne daban. Ɗan ƙanwata ya yi shekara huɗu a can, na sha zaunar da shi ina yi masa tambayoyi, na kuma yi ɗan karance-karancena. Waɗannan ƙungiyoyi ba a ɓoye suke ba. Akasarinsu jami'a ta san da zamansu, suna da gida a gefen makaranta da suna rubuce ɓaro-ɓaro a bango da haruffan Girka. Ta farko, Phi Beta Kappa, tun 1776 aka kafa ta. Baƙaƙen fata da aka hana shiga na Turawa suka kafa tasu, irin su Alpha Phi Alpha a jami'ar Cornell a 1906, wadda Martin Luther King ya shiga. Har ɗalibai Musulmi sun kafa tasu a 2013 a jami'ar Texas da ke Dallas, suka sa mata Alif Lam Mim. Ana biyan kuɗin ƙungiya kowane zangon karatu, ɗaruruwan daloli, in da ɗaki da abinci ya kai dubbai.

To me suke yi da hutun? Ana rufe makaranta a watan Mayu, a dawo wajen ƙarshen Agusta, kusan wata uku ke nan. Su suna ce masa hutun bazara, amma in ka duba kalanda, daidai yake da daminarmu. Kuma wallahi haka yake a rayuwar ɗalibin can: lokacin noma ne, wanda ya kwanta barci zai gani a rumbunsa.

Mafi yawansu aiki suke yi. Wani ya kama rabon abinci a gidan cin abinci, wani gadin masu wanka a bakin ruwa, wani yankan ciyawa ko aikin gini, wani kula da yara a sansanin hutu, don a tara na makaranta da na ƙungiya. Wasu kuma su zauna su ɗauki darussan da suka faɗi ko waɗanda za su rage musu nauyi. Gidan ƙungiyar kansa ko dai a rufe shi a yi gyara, ko a ba da hayar ɗakunan ga masu zama.

Amma abin da kowa ke kwaɗayi shi ne gurbin koyon aiki a banki, ko kamfanin kwamfuta, ko ofishin lauyoyi, mako goma zuwa sha biyu. Dalili kuwa, kamfanoni da yawa daga cikin waɗannan yaran suke zaɓar ma'aikatansu. Wanda ya yi ƙoƙari a hutun da ke gaban shekararsa ta ƙarshe, sau da yawa yakan koma makaranta da takardar aiki a aljihu. A nan ne ƙungiya ke nuna amfaninta. Wanda ya gama shekara ashirin da suka wuce, yanzu yana manaja, bai bar ƙungiya ba, domin shigarta ta har abada ce. Yaro ya rubuta masa, ya ce ga ni ƙaninka daga gida kaza, shi kuma ya ɗauki waya ya yi magana inda ake jin maganarsa.

Da na zo nan sai na dubi Alhaji na ce, "Alhaji, ranar da ka sauka a garin nan da jaka ɗaya, wa ya ba ka wurin kwana?" Ya yi shiru, sannan ya ambaci sunan maigidansa, Allah Ya jiƙansa. Na ce, "Wa ya tsaya maka aka ba ka kaya bashi ba takarda ba shaida?" Ya ce shi ne. Na ce to ai wannan ita ce. Kakanninmu da suka yi fataucin goro daga Gwanja zuwa Kano ba su san kowa a hanya ba sai mai masauki, shi ke sauke su, shi ke haɗa su da mai saye, shi ke tsaya musu. Baƙo ba ya tsayuwa sai da jigo. Yaronka ya je ƙasar da ba zango, ya nemi abin da ya yi kama da zango.

Akwai kuma na taro da taimako. A hutun ne manyan ƙungiyoyin ke yin babban taronsu na ƙasa da horon shugabanci, kowane reshe ya tura wakilai. 'Yan Pi Kappa Phi ma duk shekara wasunsu kan hau keke daga gaɓar yamma ta Amurka har birnin Washington, wajen kilomita 6,000, kamar Kano zuwa Legas sau shida, cikin kimanin wata biyu, suna tara kuɗi domin naƙasassu. A wasu jami'o'in, musamman na kudu, tun a hutun ake fara zawarcin sababbin ɗalibai, a gayyace su gashin nama ko kamun kifi a ga wanda za a ɗauka.

Kada fa wani ya ce Malam ya wanke su tas. A'a. Zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai. Akwai gidajen da ba a san su da komai ba sai giya da 'yan mata, hutunsu a bakin teku yake ƙarewa, ko da yake dokar ƙasar ta hana sayar wa ɗan ƙasa da shekara 21 giya. Akwai kuma gwale-gwalen da ake yi wa sababbin shiga. A 2017 wani ɗalibi ɗan shekara 19 ya mutu a jami'ar jihar Pennsylvania bayan an ɗura masa giya a daren karɓarsa, ya faɗo daga bene, aka bar shi kwance sa'o'i ba a kira likita ba. Irin waɗannan mace-macen ne suka sa a Disambar 2024 aka sa hannu a dokar tarayya da ta tilasta wa jami'o'i bayyana irin wannan ta'asa. Mu ma a zango mun san akwai maigidan da ke tashin yaro, akwai wanda ke cinye shi.

Wani abin da ya fi shafar mu baƙi shi ne takarda. Yaron da ya shiga da bizar ɗalibi ba kamar ɗan ƙasa yake ba. A cikin makaranta yana iya aikin sa'a 20 a mako lokacin karatu, cikakken aiki lokacin hutu. A waje kuwa sai da izini, aikin ya dace da fannin karatunsa, kuma ofishin ɗaliban waje na jami'ar ya rubuta masa a takardarsa kafin ya fara. In wani "babba" ya ce masa zo kawai ka fara, za mu biya ka a hannu, to ya jefa shi rami, domin bizar na iya lalacewa, filin Alhaji ya tafi a banza.

Saboda haka na ce wa Alhaji kada ya buga waya yana faɗa. Ya tambaye shi sunan ƙungiyar mu duba ko jami'a ta san da ita. Ya tambaye shi sunan kamfanin da garin da yake, ya turo hoton takardar izini. Ya tambaye shi a ina zai kwana, da su wa, masallacin Juma'a nisan nawa. Yaron da ke kan hanya zai amsa waɗannan ba inda-inda. Wanda ya fara kame-kame, sai a aika masa kuɗin jirgi.

Da daddare suka yi magana, washegari Alhaji ya zo da hoton takardar, da sa hannun ofishin makaranta. Ya ɗan saki fuska, amma ya ce shi fa har yanzu sunan "ƙungiya" bai kwanta masa ba, kuma ya gaya wa yaron duk Juma'a sai ya kira shi ta bidiyo daga bakin masallaci. Na ce hakan ya yi.

Wadda ba mu iya rarrashi ba ita ce Hajiya. Tun azumi take tanadin kuka da daddawa da yaji, tana ƙidayar kwanaki. Ta ce ita ba ruwanta da manaja, shekara biyu ba ta ga ɗanta ba. Wannan kam ba ni da amsarsa, domin mu ma haka muka yi wa iyayenmu mata ranar da muka ɗauki jaka muka tsallaka iyaka.

Allah Ya shirya mana zuri'a, Ya haɗa su da abokan arziki a duk inda suke. Sai mako mai zuwa, in Allah Ya kai mu.