Man Ayu a Jakar Ɗalibi

'Yan uwa ɗalibai, mu daina yi wa masu farautar ayu dillanci. A Filin Jirgin Sama na Sarki Khalid da ke Riyad na ji wani namu yana alfahari da kwalbar man ayu da ya ɗauko tsaraba. Hujjarsa wai dabbar ruwa ba ta ƙarewa, in ta ragu za ta hayayyafa.

To, a dubi wata dabbar teku mai hanci kamar na giwa, wadda Turawa suka karkashe saboda kitsenta. Wajen 1890 waɗanda suka rage a tsibirin Guadalupe ba su kai ɗari ba. Meziko ta hana kashe su a 1922, yau sun haura dubu ɗari biyu. Amma da Bonnell da Selander suka binciki jininsu a 1974, ba su sami bambanci ko ɗaya ba a gurabe 24 na ƙwayoyin gado. Yawan ya dawo, bambancin irin kuwa ya tafi da waɗanda aka kashe. Garken da duk jininsa ɗaya ne, annoba guda na iya kwashe shi.

Ayun Kwara da Binuwai ɗa guda take haifa, bayan cikin kusan shekara. Madatsar Kainji ta raba na sama da na ƙasa tun 1968, ga mashin mafarauta. Yarjejeniyar CITES ta haramta cinikinsa tsakanin ƙasashe a 2013. Wanda ya karanta ilmin halittu, ya kuma saka kwalbar nan a jakarsa, wace hujja gare shi?