RA'AYINMU: Dayosis Ta Girma, Ƙauyukan Karaye Da Rogo Fa?

A shekarar 1991 ne Paparoma John Paul na Biyu ya yanke Kano daga Babbar Dayosis ta Kaduna, ya mai da ita yankin mishan mai cin gashin kansa, aka damƙa ta a hannun Fada John Brown na ƙungiyar SMA. A 1995 aka ɗaga darajarta, a 1999 kuma ta zama cikakkiyar dayosis, ga Bishop Patrick Sheehan a kan kujera. Tun 2008 ɗan ƙasa ne ke riƙe da sandar, wato Bishop John Namaza Niyiring. Mun gode wa Ubangiji.

To amma 'yan'uwa, mu gaya wa kanmu gaskiya. A takarda ne aka daina kiranmu mishan. Wanda ya bar Sabon Gari ya nufi yamma, ya shiga ƙauyukan Karaye da Rogo, zai tarar da ƙananan majami'u masu jiran Fada makonni kafin su sami Misa, balle damina ta ɓata hanya. Katikis ne ke buɗe majami'a, shi ke shirya masu baftisma, shi ke binne mamaci, sa'an nan ya ɗauki fartanya ya tafi neman abin da iyalinsa za su ci. Masu bin nan kuwa ba baƙi ba ne. Hausawa ne gaba da baya, waɗanda ake kira Maguzawa, ko da yake da yawansu ba sa son sunan.

Ba sai mun je nesa neman misali ba. A 2023 aka kafa Dayosis ta Katsina, aka naɗa mata Bishop Gerald Mamman Musa, Bahaushe na farko da ya zama bishop a Ɗariƙar Katolika. Mutumin Malumfashi ne, maƙwabtanmu. Abin da ya kai shi can makaranta ce, wani kuwa ya biya kuɗinta.

Turawan mishan sun tsufa, yawancinsu sun koma gida, ba kuma za su dawo ba. Saboda haka muna roƙon kowace majami'a a Karaye da Rogo, ranar godiyar kaka ta bana, ta ware buhun masara ko dawa biyu: ɗaya na katikis, ɗaya na yaron da zai shiga makarantar horon limamai. Majami'un cikin birni kuma, da ke da masu albashi, kowace ta ɗauki nauyin ƙauye guda, ta kuma je ta gan shi da idonta.