Jagaban Yara Shi Ma Yana Bukatar Sanin Hanya

A sani, a zamanin da fatake su ke zuwa Gwanja sayen goro, ba ayarin da ya ke tashi daga Kano sai da madugu da jagaba. Jagaba shi ya san mashigin kogi, da zangon da a ke samun ruwa, da garin da a ke tsananta kuɗin fito. Ba a ba mutum wannan matsayi sai ya taka hanyar da ƙafarsa sau da yawa. To, a makarantun sakandare na Nijeriya akwai malamin da aikinsa ya yi kama da na jagaba, watau malamin shawara, wanda aka ɗora wa nauyin ya zauna da yaro, ya auna hankalinsa da abin da hannunsa ya iya, sa'an nan ya nuna masa karatu ko sana'ar da za ta karɓe shi. Abin dubawa a nan shi ne, shi wannan malami a ina ya ke koyon hanyar da zai nuna?

Al'amarin yana da nauyi. Yaro ya kan gama aji uku na ƙaramar sakandare yana ɗan shekara 14 ko 15, a nan kuwa hanya ta ke rabuwa: wani ya bi kimiyya, wani adabi, wani ilmin ciniki, wani kwalejin koyon sana'a. Hukumar JAMB, wadda aka kafa a 1978 don jarrabawar shiga jami'a, tana da sharaɗi a kan kowane fanni. Mai neman likitanci tilas ya rubuta Turanci da Fiziks da Kemistiri da Bayoloji. Yaron da ya bar Kemistiri don abokinsa ya bari, ya rufe wa kansa wannan ƙofa shekara uku kafin ya iso bakinta, uban da ya sayar da hatsi ya biya kuɗin makaranta kuwa shi ke ɗaukar hasara.

Asalin aikin daga Amurka ya fito. Wani mutum mai suna Frank Parsons ya buɗe ofishin shawarar sana'a a birnin Boston a 1908, ya ce zaɓen sana'a yana tsaye bisa abu uku: mutum ya san kansa, ya san ayyukan da a ke yi da sharuɗɗansu, sa'an nan ya gwama biyun da hankali. A Nijeriya kuwa an fara a 1959, a makarantar 'yan mata ta St. Theresa a Ibadan, inda sistocin Katolika da ke riƙe da ita suka gayyato ma'aikata na fannoni dabam dabam su yi wa ɗalibai masu fita bayanin ayyukansu. A lura da wannan, gama shi ne tushen maganar: aikin ya soma ne da kiran masu sana'a su shigo makaranta. Bayan haka aka kafa ƙungiyar masu ba da shawara ta ƙasa a 1976, wadda a ke kira CASSON, manufar ilmi ta ƙasa ta 1977 ta ce a sa irin waɗannan malamai a makarantun gaba da firamare, a 2022 kuma aka sa hannu a dokar da ta kafa majalisar yi musu rajista.

Ƙofofin ƙarin ilmi a buɗe su ke ga mai himma. Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, da Jami'ar Bayero ta Kano, da ta Ibadan, duk suna koyar da wannan fanni har zuwa manyan digiri. Wanda ba ya iya barin wurin aikinsa yana iya bin jami'ar karatu daga gida, watau NOUN. Ƙungiyar CASSON tana taro kowace shekara, tana da rassa a jihohi, inda malamin ƙauye zai haɗu da na birni su yi musayar abin da suka gani. Wanda ya ƙware kuma ana bukatarsa a wajen sakandare, a jami'o'i da asibitoci da gidajen gyaran hali da wuraren jinyar masu shaye-shaye. Akwai kuma ofisoshin da ya wajaba ya san ƙofarsu domin yaransa: asusun horar da ma'aikata na ITF da ke Jos, wanda aka kafa a 1971, da hukumar ilmin sana'a ta NBTE da ke Kaduna tun 1977, da hukumar samar da aikin yi ta NDE, wadda ta kan haɗa matashi da ubangida ya koyi sana'a.

Amma duk wannan rabin guzuri ne. Jami'a tana koya wa malami sashe na farko na maganar Parsons, watau sanin halin yaro. Sashe na biyu, sanin sana'a, a kasuwa ya ke. Malamin da bai taɓa zama a rumfar Kantin Kwari ya ga yadda a ke ɗaukar atamfa bashi a biya bayan ciniki ba, bai je Dawanau ya ga awon hatsi da ajiyarsa ba, bai leƙa marinar Ƙofar Mata ko maƙerar Panteka a Kaduna ba, me zai gaya wa yaron da ba zai shiga jami'a ba? Irin wannan yaro kuwa shi ya fi yawa. Yana so ya ji shekara nawa a ke yi ana koyo, da jarin da a ke farawa da shi, da yadda ubangida ya ke yaye yaronsa, da sana'ar da kasuwarta ke tashi da wadda ke mutuwa. Ba littafin da ya ƙunshi wannan kamar yadda ya ke a ƙirjin ɗan kasuwa.

Saboda haka attajirai suna da hakki a wuyansu. Bai fi ƙarfin ƙungiyar 'yan kasuwa ba ta ware yini guda a kowane zangon karatu, ta aiki dattijo ɗaya makarantar unguwa ya yi bayani, ta kuma karɓi malamin shawara a kasuwa ya yi tambayoyinsa ba tare da an ɗauke shi ɗan leƙen asiri ba. Wanda ya karɓi yara biyu a shagonsa lokacin hutu, shi ma ya sami damar gane yaro mai amana tun kafin ya ba shi mabuɗi.

Malaman zaure kuma sun riga kowa sanin wannan aiki. Alaramma ya kan dubi almajirinsa ya gane wanda hannunsa ya yi kyau ga rubutu, da wanda ya dace da ɗinkin hula, da wanda zai iya fatauci. Ya kamata malamin shawara ya durƙusa gabansu ya ɗauki wannan basira, shi kuma ya kawo musu labarin da ke hannunsa. Misali, hukumar NBAIS ta nazarin Larabci da addinin Musulunci tana shirya jarrabawar kammala sakandare wadda a ke neman shiga jami'a da takardarta. Mahaddaci nawa ne suka tsaya a hanya don ba wanda ya gaya musu akwai wannan ƙofa?

Wani zai ce uba shi ke zaɓa wa ɗansa sana'a, gado kuwa ba a raina shi. Gaskiya ne, kuma malamin shawara ba ya ƙwace wannan iko. Uba shi ne madugu, shi ke yanke inda ayari zai nufa, jagaba labarin hanya ya ke kawowa. Uban da ya ji labari sa'an nan ya yanke ya fi wanda ya yanke a cikin duhu, matambayi kuwa ba ya ɓata.

Sauran magana tana ga ma'aikatun ilmi na jihohi da shugabannin makarantu. A makarantu da yawa a kan cika wa malamin shawara darussa kamar kowa, har ba ya da sa'ar zama da yaro, a wasu kuma a kan miƙa masa bulala, alhali yaro ba ya buɗe cikinsa ga mai dukansa. A rage masa darussa, a ba shi ɗaki mai ƙofa inda asirin yaro zai rufu, a ba shi izinin ƙaro karatu da na zuwa taron ƙungiyarsa, a kuma yi masa ƙarin girma a cikin fanninsa, don kada ya gudu zuwa kujerar mataimakin shugaba da zarar ya ƙware. In an yi haka, 'yan kasuwa da malamai kuma suka buɗe masa ƙofofinsu, za a rage yaran da ke gama makaranta su zauna a bakin titi da takarda a aljihu.