Toka Ba Shara Ba Ce

Ya kai ɗalibi, idan ganyen wake ya yi rawaya a gonarku ta bayan garin Bauchi, kada ka ce taki ne ya yi kaɗan. Wataƙila ƙasar ce ta yi tsami. Yawan zuba yuriya yana ƙara mata tsami, kuma idan awon pH ya gaza 5.5, ƙullutun saiwar wake da gyaɗa, masu samo wa shuka abinci daga iska, sukan raunana.

A ganina, kafin mahaifinka ya sayi wani buhu, gara masana a Jami'ar Abubakar Tafawa Balewa su gwada ƙasar. Farar ƙasa tana rage tsami, haka ma tokar murhu da muke zubarwa a bola. Ku tara ta, ku barbaɗa kaɗan-kaɗan kafin shuka, domin in ta yi yawa takan ƙone tsiro.