Wa Ya Biya Kuɗin 'Yancin Charlie Hebdo?

Ran 7 ga Janairu 2015 waɗansu 'yan bindiga biyu suka shiga ofishin jaridar Charlie Hebdo a birnin Paris, suka kashe mutum 12. Wannan kisan kai ne, ba shi da wani suna, kuma babu mai tsoron Allah da zai nema masa hujja. Amma abin da ya biyo baya ya isa a tsaya a duba.

Charlie Hebdo jarida ce ta waɗanda suke kiran kansu masu ra'ayin ci gaba, sana'arta kuwa ba'a ce. Ba Musulmi kaɗai take yi wa ba. A watan Nuwamba 2012, sa'ad da ake gardamar auren namiji da namiji a Faransa, ta zana Uba da Ɗa da Ruhu Mai Tsarki a bangonta cikin irin batsar da baki ba ya iya faɗa. Wanda ransa ya ɓaci, sai a ce bai waye ba.

Mako guda bayan kisan, ran 14 ga wata, jaridar ta sāke fitowa da zanen Annabin Musulmi a bango. Ita da a dā ba ta wuce kofe dubu 60, aka buga ta miliyoyi. Jaridar Libération, abokiyar ra'ayinta, ita ta ba su ɗakin aiki. Aka ce wannan jaruntaka ce.

To, ran Juma'a 16 ga wata wuta ta tashi a Damagaram, kashegari ta kama Yamai. Mutum 10 suka mutu. 'Yan sanda suka ce a Yamai kaɗai an ƙone majami'u 45. Alhakin wannan yana wuyan waɗanda suka kyasta ashana, ba mai sauke musu shi, kuma ba za a manta da maƙwabta Musulmi da suka ɓoye Kiristoci a gidajensu ba. Amma fa a tuna, masu bin da suka tsaya cikin toka suna tsintar guntayen Littafi Mai Tsarki, yawancinsu ba su taɓa ganin jaridar nan da ido ba. Allahn da suke yi wa sujada ma ta riga ta zage shi.

Masu kāre jaridar sukan ce 'yancin magana ba shi da iyaka. Su kansu ba su yarda da haka ba. A 2008 Charlie Hebdo ta kori tsohon mai zanenta Siné saboda abin da ya rubuta a kan ɗan Shugaba Sarkozy, wai ya ci mutuncin Yahudawa. Ashe ta san akwai maganar da ba a faɗa. Tun 2003 kuma dokar Faransa ta sa tarar Yuro 7,500 a kan wanda ya wulakanta tutar ƙasa ko taken ƙasa a taron hukuma. Ƙyalle mai launi uku yana da mutunci a gaban doka, sunan Allah kuwa abin wasa ne, wai wannan shi ne wayewa!

Ran 11 ga Janairu shugabanni fiye da 40 suka yi tattaki a Paris saboda mamatan can, har da Shugaba Mahamadou Issoufou na Nijar. Mamatan Damagaram da Yamai kuwa, gidajen jaridun nan sun ba da labarinsu 'yan kwanaki suka wuce. Nijar ita kaɗai ta yi musu makoki na kwana uku.