Daƙiƙa Shida A Mararraba

Duk wanda ya san birnin Kano kafin shekarar 2011, in ya zaga shi yau zai tarar da gadojin sama da hanyoyin ƙarƙashin ƙasa a wuraren da a da ke da shataletale, kamar Ƙofar Nassarawa da Dangi. Dalilin gina su a fili yake: cunkoso yana cin lokaci, yana ƙona mai, yana tsare marar lafiya a hanyar asibiti. Sai dai a duk lokacin da za a sake fasalin wata mararraba, akwai tambayar da ya kamata a fara yi tun kafin a ƙidaya motoci, wato, yaya ɗan firamare da kakarsa za su tsallaka?

Amsar tana cikin halittar jikin ɗan Adam, wadda injiniya ba shi da ikon sauya ta. Tsakanin lokacin da idon direba ya hango mutum a kan titi da lokacin da ƙafarsa za ta taka birki, sai saƙo ya je ƙwaƙwalwa, ta yanke shawara, sannan ta umarci tsoka. In abin ya zo ba zato, wannan kan ɗauki kimanin daƙiƙa ɗaya da rabi. Motar da ke gudun kilomita 60 a awa za ta ci mita 25 a wannan ɗan lokaci, alhali mai gudun kilomita 30 za ta ci rabin haka. Bugu da ƙari, in gudu ya ninka sau biyu, ƙarfin bugu da nisan da birki ke buƙata sukan ninka sau huɗu. Ƙashin yaro kuwa yana nan yadda Allah Ya halicce shi.

Haka ma tafiyar ƙafa tana da iyaka. A ƙasashe da dama akan saita danja bisa ƙiyasin cewa mutum na tafiyar mita 1.2 a daƙiƙa. Amma wani bincike da aka buga a Ingila a 2012 ya nuna cewa waɗanda suka kai shekara 65 zuwa sama, matsakaicin saurin mazansu kimanin mita 0.9 ne, na mata kuma 0.8. Titi mai layi huɗu yakan kai faɗin mita 14. Matashi zai haye shi cikin daƙiƙa 12, tsohuwa kuwa sai ta yi kusan 18. Daƙiƙa shidan nan da ke tsakani, a cikinsu ake barin ta tsaye a tsakiyar kwalta bayan an saki motoci.

Masu kare direbobi kan ce rage gudu da ƙara wa masu ƙafa lokaci zai daɗa cunkoso. Maganarsu abin saurare ce, amma ba ta cika ba. Abin da ke ƙayyade yawan motocin da za su wuce mararraba shi ne ratar da ke tsakaninsu, wadda takan kai daƙiƙa biyu, wato kimanin mota 1,800 a awa a kowane layi. In gudu ya ƙaru, dole direba ya ƙara nisa da na gabansa, don haka ribar kaɗan ce. Asarar lokaci ta fi yawa a tsayawa da tashi. Masu iya magana sun riga sun ce sauri ya haifi nawa.

An gwada wannan a aikace a wani ƙaramin gari mai suna Poynton, kusa da Manchesta a Ingila. A da, kimanin motoci 26,000 ke ratsa mararrabar tsakiyar garin a kullum. A aikin da aka kammala a 2012, an cire danja, an tsuke hanyoyin shigowa zuwa layi ɗaya, an faɗaɗa gefen masu ƙafa. Motoci suka koma tafiya sannu a hankali ba tare da doguwar tsayawa ba, mutane kuma suka sami ɗan gajeren wurin hayewa. Duk da haka, ba a ce a kwaikwayi tsarin ido rufe ba. Ƙungiyoyin makafi sun koka da irin waɗannan tsare-tsare, musamman inda aka baje dandamalin gefen titi, har a 2018 gwamnatin Birtaniya ta nemi a dakata da sababbin ayyuka masu wannan siffa. Darasin shi ne a nemi mafi rauni a ji ta bakinsa tun ana zane.

Gadar masu ƙafa ma ba ta wadatar ba, ko da yake tana da amfani a kan babbar hanyar da ba a tsayawa. Mai tura kurar ruwa ba ya hawa matakala, haka gurgu mai keke, haka mace mai tsohon ciki. Wanda ya kasa hawa zai ratsa ta ƙasa, inda direba ya saki jiki cewa ba kowa.

Saboda haka, abin da ya dace hukumomin tsara birane su yi ba mai tsada ba ne in aka gwama da kuɗin gada: tsibiri a tsakiyar titi domin a haye sau biyu, tudun rage gudu daf da wurin tsallakawa, lokacin danja da aka auna da takun tsoho, fitila da dare, da wurin tsayawar a-daidaita-sahu nesa da kusurwa.

Malaman kimiyya na sakandare su ma suna da rawar takawa. Da agogo da igiyar awo, ɗalibai za su iya tsayawa a gefe su auna faɗin titin da ke gaban makarantarsu da lokacin da kowane rukuni na mutane ke ɗauka kafin ya haye, sannan su kai sakamakon ga hukuma. Alƙaluman da yara suka tattara a ƙofar makarantarsu suna da wuyar musantawa.